Rauta biyu a gida ɗaya: me ya sa firinta da kamara suka ɓace?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Unguwar Dosa, Kaduna. Muna da rauta mai layin waya a falo, amma Wi-Fi ɗinta ba ya kaiwa sashen yara da ke baya. Sai na sayi ta biyu, na ja kebul daga ta falo na soka a raminta da aka rubuta WAN. Tun daga ranar intanet yau ya zo gobe ya ƙi, kwamfutar falo ba ta ganin firintar da ke baya, kamarorin gida ma ba na iya kallonsu idan na fita. Wani ya ce rautar jabu ce. In mayar da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka mayar, da wuya a ce laifin rautar ne. Abin da ya faru shi ne ka sa na'urori biyu suna aiki ɗaya a lokaci ɗaya, kuma gyaransa ba ya cin ko kwabo.

Adireshin intanet na tsohon tsari, wato IPv4, bai wuce kusan biliyan 4.3 ba, kuma babban rumbunsa ya ƙare tun Fabrairun 2011. Shi ya sa kamfanin da ke ba ka intanet yake ba gidanka adireshi ɗaya tak. Rauta ita ke raba wa wayoyi da kwamfutoci adireshin cikin gida, irin masu farawa da 192.168 ko 10, waɗanda aka keɓe don haka tun 1994. Duk saƙon da zai fita, sai ta sauya masa adireshi zuwa na waje, ta kuma riƙe lissafin wanda ya aika domin amsa ta koma gare shi. Wannan aikin ake kira NAT. Kamar maigadin gidan haya ne: lamba ɗaya ce a bakin titi, shi ya san ɗakin kowa. Da ka soka kebul a ramin WAN, wato ramin da rauta ke karɓar intanet daga waje, ka gina wani gida a cikin gidan, da nasa maigadin. Na baya suna iya fita, amma wanda ya zo daga falo neman firinta, maigadi na biyu bai san da zuwansa ba, sai ya hana shi shiga.

Yankewar intanet ɗin kuma ina kyautata zaton karo ne na adireshi. Yawancin rautocin TP-Link da Tenda suna fitowa daga kamfani da 192.168.0.1, haka ma da yawa daga na ZTE masu layin waya. Idan biyun sun zo da lamba ɗaya, ta bayan ba ta iya bambance cikinta da wajenta, sai saƙo ya rasa hanya. Wasu sababbi sukan gane su sauya da kansu, tsofaffi kuwa ba sa yi.

Ga gyaran da na fi so, domin shi ke kashe matsalar daga tushe. Cire kebul ɗin da ya haɗa su tukuna. Shiga shafin saitin rauta ta biyu da adireshin da ke rubuce a ƙasanta. Idan akwai wurin zaɓen yanayin aiki, zaɓi Access Point, wato ta zama mai yaɗa Wi-Fi kawai, ka mayar da kebul, magana ta ƙare. Idan babu, da hannu za ka yi. Ka ba ta adireshi daga dangin ta falo: in ta falo 192.168.0.1 ce, ba ta 192.168.0.2, in kuwa Huawei ce mai 192.168.8.1, ba ta 192.168.8.2. Ka tabbata lambar ba ta cikin waɗanda ta falo ke rabawa. Sannan ka kashe DHCP ɗinta, wato mai rabon adireshi, ka soka kebul a ɗaya daga ramukan LAN, wato na na'urorin cikin gida, ka bar WAN a fili. Kashe DHCP ɗin nan shi mutane suka fi mantawa, kuma mantawa da shi ya fi matsalar farko ciwo: waya takan karɓi adireshi daga rautar da ba ta da hanyar fita, ta nuna Wi-Fi a cike alhali ko WhatsApp ba ya buɗewa. An fi ganin haka bayan an dawo da wuta, idan ta bayan ta riga ta falo tashi.

Sunan Wi-Fi da kalmar sirri kana iya sa musu iri ɗaya, amma ka raba musu tasha, ɗaya a 1, ɗaya a 6 ko 11. Kebul ɗin kuma kada ya wuce mita 100.

Wani zai ce maka ka yi amfani da DMZ, wato saitin da ke sa rautar falo ta miƙa wa ta baya duk saƙon da ya zo daga waje. Yana rage matsalar shigowa daga waje, amma sauyin adireshin yana nan sau biyu, firintarka kuma ba za ta bayyana ba. Ban ba ka shawararsa ba.

Saura kamara, kuma a nan ina so ka natsu, kada wani ya karɓi kuɗinka a banza. Bayan gyaran za ka ga kamarorin daga ko'ina a cikin gida, amma kallo daga waje wata magana ce daban. Duba adireshin WAN na rautar falo. Idan ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kamfanin layin ma yana yin nasa NAT ɗin, ya tara ku da yawa a bayan adireshi ɗaya. Haka yawancin intanet na layin waya yake. A irin wannan hali duk ƙofar da ka buɗe a rautarka ba za ta yi aiki ba, domin shingen ba a gidanka yake ba. Mafita ita ce ka kunna P2P, wato saitin kallo daga waje ba tare da buɗe ƙofa a rauta ba, a na'urar da ke ɗaukar hoton, ka haɗa ta da manhajar kamfaninta, kamar Hik-Connect ga masu Hikvision, tunda ita na'urar ce ke fita ta nemi sabar kamfanin. In aikinka na bukatar shiga kai tsaye, sai ka tambayi kamfanin intanet ko suna sayar da adireshi na kanka. Kafin ka buɗe kamarorin ga waje, don Allah ka sauya kalmar sirrin da mai sakawa ya bari, domin iyalinka ne a cikin hoton nan.