Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙwallon Sitiyari A Tsohuwar Tarakta

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar tarakta Massey Ferguson 135 da na gada wajen mahaifinmu, da ita nake haro da huɗa a gefen Rigachikun, sitiyarinta ba fawa, wato da ƙarfin hannu kawai ake juya shi, wallahi ranar da na wuni a gona kafaɗa ba ta barina barci. Na ga ɗan ƙwallon nan da ake ɗaurawa a jikin sitiyari ana juya shi da hannu ɗaya, wani yaro a Panteka ya ce zai sa min. Ko zai rage min wahala? Daga wani manomi, Rigachikun.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Ni dai a kan wannan tarakta taka ban ba ka shawara ba.

Ƙwallon nan ba ya rage nauyin sitiyari ko kaɗan, sauri kawai yake ƙara wa hannu, aikin da hannu biyu ke yi sai ka jibga wa ɗaya. Babbar matsalar ma ba nan take ba. Tarakta mai fawa akwai mai a tsakanin hannunka da taya, shi ke shanye duk wani duka. Taka kuwa ƙarfe ne riƙe da ƙarfe tun daga tayar gaba har zuwa sitiyari, to da zarar taya ta daki kututture ko ta faɗa kwarin kunya, sitiyarin zai fizge ya juyo da kansa kafin ƙiftawar ido, shi kuma ƙwallon ya zama guduma, ya same ka a wuyan hannu ko babban yatsa. Na taɓa ganin wani direba da hakan ta same shi yana cikin haro bayan ruwan farko, hannun ya kumbura suntum, sai wajen mai ɗori, damina ta yi nisa yana zaune yana kallon wani na tuƙa masa. Ko a Amurka inda aka ƙirƙiro abin a 1936, laƙabin da suke masa shi ne ƙwallon kashe kai. Ga shi kuma yana kama hannun riga, balle mu masu tuƙi da jamfa.

Kuma ko ba ƙwallon, ka daina zura babban yatsa ta cikin sitiyari in kana gona, ɗora shi a saman da'irar.

Sannan 135 ɗin nan tun 1964 aka fara ƙera su, ta sha miya, mafi yawan taurin da kake ji ƙishirwar giris ce. Ka sa bakanike ya ɗaga gabanta da jak ya juya sitiyarin, in har a sama ma yana tauri to a cika kinfin (ƙarfen da tayar gaba ke juyawa a kansa) da kan tayarod (sandar da ke karkata tayar in an juya sitiyari) da giris, a duba man akwatin sitiyari don wasu shekara da shekaru ba a buɗe ba. A duba iskar tayoyin gaba. Kar kuma ka riƙa murɗa ta tana tsaye cak, bari ta ɗan motsa tukuna, a ƙarshen kunya ka taimaka mata da birkin ɓangaren da za ka juya.

TAMBAYA: Malam ni kuma fa mai akori-kura Fijo 504, ina ɗaukar kaya daga Bakin Dogo? Daga wani direba, Tudun Wada.

AMSA: Direba, kai ma dai hakan ne, ramin titi ɗaya ya isa, ga gudu kuma da tarakta ba ta yi. Inda ƙwallon ke da rana shi ne mota ko tarakta mai fawa, da injin ɗaga kaya irin na masana'antun Kakuri, sai kuma mai lalurar hannu ɗaya, shi ma a mota mai fawa.