Citta na rage tashin zuciyar kemo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata na karɓar maganin kemo a Asibitin Ƙasa da ke Abuja saboda sankarar mama. Duk lokacin da aka yi mata, sai ta kwana uku tana amai, ko ruwa ba ya zama. 'Yan'uwa na ta kawo jiƙe-jiƙe, wasu kuma sun ce citta. Wanne za mu ba ta?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alheri kan jinyar nan.

Citta tana taimakawa, amma tare da maganin amai na asibiti irin su ondansetron da dexamethasone. Ba ta maye gurbinsu. A wani bincike na Jami'ar Rochester da ke Amurka, wanda aka wallafa a 2012 kan masu sankara 576, rabin giram zuwa giram ɗaya na citta a kullum ya rage tashin zuciyar ranar farko. Mutanen sun fara sha ne kwana uku kafin kemo, suka ci gaba har kwana shida gaba ɗaya. A nan ake yawan kuskure: sai amai ya kankama sannan a tafasa citta, alhali a lokacin ciki ba ya riƙe komai.

Ga awo. Kwatan ƙaramin cokalin shayi na dakakkiyar busasshiyar citta ya kai kusan rabin giram. A zuba shi a kofin ruwan da ya tafasa, a rufe minti goma, a tace, ta sha da ɗumi a hankali, safe da yamma. Kada a ƙara da sunan neman sauƙi da wuri. Yawanta na jawo ƙwannafi, a binciken ma giram ɗaya da rabi bai fi amfani ba. A daka a gida, domin garin kasuwa kan zo haɗe da barkono ko kanumfari.

Kafin a fara, a gaya wa likitanta. Kemo na rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, citta kuma na iya ƙara saurin zubar jini, musamman ga mai shan warfarin, maganin tsinka jini. Idan akwai haɓo, ko jini a dasashi, ko an sa ranar tiyata, a dakata.

Shinshinar ɓawon lemun tsami ko ganyen na'a-na'a kan kwantar wa wasu da zuciya. Abinci kaɗan-kaɗan, wanda ya huce, mara maiƙo, kuma a nisanta ta da ƙamshin girki.

Jiƙe-jiƙen kuwa, don Allah a ajiye su, ko daga hannun wa suka fito. Hanta da ƙoda su ke fitar da kemo daga jiki, saiwar da ba a san sinadarinta ba na iya lahanta su ko ta sauya ƙarfin maganin. Ga garkuwar jikinta ta yi rauni, ruwan da ya kwana a jarka zai iya sa mata cuta.

Aman kwana uku alama ce maganin da aka ba ta bai wadatar ba. Ki rubuta sau nawa take yi da lokutan, ki nuna wa likita kafin zagaye na gaba, akwai ƙari kamar olanzapine ko aprepitant. Idan ruwa ya ƙi zama tsawon yini, ko fitsari ya ragu sosai, ko zafin jiki ya kai digiri 38, a kai ta asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.