Tambaya da Amsa: An Ce Mu Tara Kuɗi Gwamnati Ta Kafa Mana Ƙarfen Sabis

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke kudancin jihar Katsina. Har yau ba mu da sabis na kirki, sai mutum ya hau tudun bayan makaranta kafin ya ɗan leƙo, mai POS kuwa sai ran kasuwa a garin gaba. Makon jiya wani mutum ya zo da mota da takardu masu tambarin gwamnati, ya ce Bankin Duniya ya ba da kuɗin kai intanet karkara kuma garinmu na cikin jerin, amma sai kowane magidanci ya ba da naira 3,000 kuɗin fom, ya haɗa da lambar NIN da BVN, wanda za a kafa ƙarfen a gonarsa kuma ya miƙa takardar gonar. Ya ce in wata ya ƙare ba mu kammala ba za a ba maƙwabtanmu. Mai unguwa ya fara karɓa, ni aka sa rubuta sunaye. Hankalina bai kwanta ba. Da gaske akwai wannan kuɗi? In na hana kuma muka rasa, da wane ido zan kalli mutanen gari?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Ka ajiye biron nan tukuna. Ka sami mai unguwa yau, ba gobe ba, cikin ladabi ka roƙe shi a dakatar da karɓar kuɗin, wanda aka riga aka tara kuma kada ya bar hannunsa. Ba za ku rasa komai ba, domin babu abin da mutumin nan yake da ikon ba ku ko hana ku.

Kuɗin dai akwai su, shi ya sa ma ƙaryar take shiga. Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa wani asusu mai suna USPF a ƙarƙashin hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, wato NCC, wanda ake zuba masa wani kaso na kuɗin da kamfanonin waya ke biyan hukumar duk shekara. An yi shi ne saboda garuruwa irin naku, inda kamfani zai buga lissafi ya ga katin da za ku saya a wata ba zai biya man janareta da albashin mai gadi ba, sai ya ƙi zuwa. Asusun ke cike wannan giɓi da tallafi. A ƙididdigar NCC ta 2013 yankunan da ba su da sabis guda 207 ne, masu mutum kusan miliyan 37. Zuwa 2022 suka ragu zuwa 97, masu kusan miliyan 27. Ana tafiya, amma tafiyar hawainiya.

Maganar Bankin Duniya ma ba daga sama ya tsinto ta ba. A 2024 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da shirin shimfiɗa faiba, wato babbar wayar da ke ɗauke da intanet, mai tsawon kilomita 90,000, wanda ake kira BRIDGE, a ƙarƙashin ministan sadarwa Bosun Tijani, aikin da aka ƙiyasta zai ci kusan dala biliyan 2. A watan Oktoba na 2025 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 daga ciki. Bashi ne, ba sadaka ba, kuma wani kamfani na musamman ne zai riƙe aikin, wanda 'yan kasuwa ke da rinjayen hannun jari a cikinsa. Sannan ka riƙe wannan: faiba babbar jijiya ce da ake so ta ratsa jihohi da ƙananan hukumomi. Ko ta iso sakatariyarku gobe, sai an sami wanda ya kafa ƙarfe ya ja daga jikinta kafin wayar da ke aljihunka ta san an yi.

To yanzu ga abin da ke cina a rai, wanda kusan kullum sai na yi bayaninsa ga wani dagaci ko shugaban ƙungiyar ci gaban gari. Mutanenmu sun ɗauka duk kuɗin da aka ce gwamnati ta "ware wa karkara" rabo ne irin na taki ko shinkafar azumi: akwai jerin sunaye a hannun wani, akwai mai hanya, in ka shafa masa ya sa ka, in ka yi sanya ya sa wani. Wannan tunani shi ne jarin ɗan damfara. Kuɗin sadarwa ba sa bi ta hannun gari ko kaɗan. Ba a ba dagaci, ba a ba kansila, ba a ba magidanci. Ana tallata aiki a jarida, kamfanoni masu lasisi da 'yan kwangila su nema, wanda ya ci a biya shi kashi-kashi gwargwadon aikin da aka je aka duba. Babu wani mataki, daga farko har ƙarshe, da aka ce talaka ya sayi fom. Me za a yi da fom ɗin magidanci? Ƙarfe ba ya tambayar sunan wanda zai yi waya.

Kuma ba da baki ake zaɓen inda za a kafa shi ba. Injiniyoyin tsara rediyo ne ke zama gaban kwamfuta da taswira, su duba yawan jama'a, da tudu da kwari, da nisan ƙarfe mafi kusa. Farin kwanon nan mai kama da ganga da kake gani a maƙale can sama, dole ya kalli ɗan'uwansa na wani ƙarfen ido da ido, babu dutse babu dogon gini a tsakani, in ba haka ba sabis ba zai iso ba. Daga nan ake ba masu neman fili lambar wuri, su zo da na'urar GPS a hannu suna zagayawa cikin 'yar tazara kaɗan daga wannan ɗigo. In ɗigon ya faɗa gonar wanda kowa ba ya shiri da shi a gari, to da shi za a yi magana. Saboda haka wanda ya ce zai ɗauke ƙarfe daga garinku ya kai wa maƙwabta don kun makara da biyan naira 3,000, ko bai san aikin ba ko ya san ba ku sani ba. Wa'adin ƙarshen watan nan da ya kafa muku don kada ku sami sukunin tambaya ne kawai.

Batun gona ya fi ba ni haushi. A aikin gaskiya mai ƙarfe ne ke biyan mai fili, ba mai fili ke biya ba. Yawancin turakun sabis na ƙasar nan ma, wato ƙarafan, ba na MTN ko Airtel ba ne kai tsaye, na kamfanonin turaku ne irin su IHS da ATC, su ke karɓar hayar ɗan fili na wasu shekaru, a rubuta yarjejeniya da lauya da shaidu, a ba mai gona kuɗinsa da kwafinsa. Za su nemi ganin shaidar mallaka, i, amma gani ne da ɗaukar kwafi. Wanda ya ce ka ba shi ainihin takardar gonarka ya tafi da ita Abuja a buga hatimi, gonar yake so. Na ga inda magada suka kwashe shekaru suna sintiri a kotu saboda takardar da tsohonsu ya miƙa wa baƙo da hannunsa, ƙarfen kuwa ko ramin harsashinsa ba a tona ba.

NIN da BVN kuwa sun fi naira 3,000 ɗin haɗari nesa ba kusa ba. Kuɗi in sun tafi sun tafi, a yi haƙuri. Amma littafin da kake rubutawa, mai suna da lambar waya da NIN da BVN na magidanta gari guda, haja ce mai tsada a wurin masu sayenta. Tun Disamba 2020 aka ɗaure kowane layi da NIN. Da bayanan mutum ana iya ƙoƙarin yi wa layi rajista da sunansa, ko cin bashi a manhajojin bashi, ko a kira shi a ce daga banki ne, a karanta masa lambobinsa daidai har ya saki jiki ya faɗi lambar sirrin da aka turo masa. Ku da ke kudancin Katsina ba sai an gaya muku abin da ake yi da layin da ba na mai shi ba. Ran da aka bi sawun layin da aka nemi kuɗin fansa da shi, ƙofar wanda sunansa ke jiki za a ƙwanƙwasa, wataƙila dattijon da ko karanta saƙo ba ya iyawa. Haka nan saƙonnin WhatsApp masu cewa gwamnati na raba data kyauta, danna nan ka cike, duk kanwar ja ce.

Ban wanke gwamnati ba. Da ana bayani a rediyo da Hausa, ana lissafa garuruwan da aka ba da kwangilarsu da sunan ɗan kwangila, da mai mota da tambari bai sami kasuwa ba. Tsarin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin kashi 70 cikin 100 na 'yan Najeriya za su sami intanet mai sauri. Wa'adi ya cika ana wajejen kashi 50. Kuɗin izinin haƙa ramin faiba tun 2013 aka daidaita a kan naira 145 kowace mita, wasu jihohi suka yi kunnen ƙashi suna cajin dubbai. Kaduna ta yafe shi gaba ɗaya a 2020, Katsina ta sauko zuwa 145 a shekarar. Ga masu aikin titi da ke tsinke faiba da katafila, ga ɓarayin batir da man janareta, ga injiniyoyin da ke tsoron shiga wasu dazuzzuka tun kafin rufe layukan da aka yi a Zamfara da sassan Katsina a Satumba 2021. Waɗannan ne ke tsakaninku da sabis, ba rashin fom ba.

Abin da zai amfane ku ba ya cin ko sisi sai kuɗin takarda. Ku rubuta wasiƙa da sa hannun dagaci da hakimi, ku faɗi sunan gari da gunduma, da kimanin yawan jama'a, da makaranta da asibiti da ranar kasuwa in akwai, da nisanku da ƙarfe mafi kusa. Ka hau tudun nan da waya mai GPS ka kwafo lambobin wurin ka sa a ciki, domin injiniya da su yake aiki. Ku aika wa sakatariyar USPF a Abuja da ofishin NCC na shiyya da ke Kano, ku ba ɗan majalisarku na tarayya kwafi, ku kai wani kwafin ofishin kamfanin da sabis ɗinsa ke ɗan leƙo muku, ku sa a buga muku hatimin karɓa a naku kwafin. Ba na ce za a amsa cikin wata ɗaya ba, sai an yi ta bibiya.

Shi kuma mutumin in ya dawo, kada kowa ya taɓa shi. Ku ce ya faɗi sunan kamfaninsa da lambar kwangilar, ku kira NCC a 622, kyauta ne, a gabansa in sabis ya yarda. Ku sanar da DPO tun kafin ranar. Waɗanda suka riga suka ba da BVN su je bankinsu da kansu su faɗa, littafin sunayen kuma ya zauna a hannunka har kowa ya ga an yage shafinsa.