Tambaya da Amsa: Shin garin Henley ya cancanci wuni guda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aiki a Landan, kuma mahaifiyata ta kawo mini ziyara ta wata biyu. Hayaniyar birnin ta ishe ta, shi ne wani abokin aikina ya ce in kai ta Henley-on-Thames, wai tsohon garin kasuwa ne a bakin kogi. Ita kuwa da ta ji an ambaci kasuwa, sai ta fara lissafin tsarabar da za ta saya. Shin wurin ya cancanci mu ɓata wuni guda, kuma yaya za mu yi tunda ba ta iya doguwar tafiya a ƙasa? Daga wani mai karatu a Landan.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri a kan wannan kulawa, ya kuma ƙara wa Hajiya lafiya. Abokin aikinka ya ba ka shawara mai kyau, amma kafin ku kama hanya ya kamata ka warware wa Hajiya batun kasuwar, domin kada ta je da buri mai yawa ta dawo da takaici.

Idan mutanen Ingila suka ce garin kasuwa, suna magana ne a kan wani matsayi na tarihi. A zamanin da, gari ba ya cin kasuwa sai da takardar izini daga sarki, wadda ke ƙayyade ranar da za ta riƙa ci a kowane mako, kuma garin da ya samu wannan izini shi ne ke zama mahaɗar ƙauyukan da ke kewaye da shi. Henley na da kasuwa tun a shekarar 1269 aƙalla, kuma har yau ranar Alhamis take ci, a dandalin da ke gaban ginin majalisar garin. Sai dai rumfuna ne kaɗan na tafi-da-gidanka, ana kafa su da safe a kwashe su kafin yamma, ana sayar da kayan lambu da 'ya'yan itace da burodi da cuku da furanni. Hajiya za ta zagaye su duka cikin rabin sa'a. Saboda haka ku je ranar Alhamis ɗin, amma tsarabar a bar ta sai an koma Landan.

Abin da ya cancanci tafiyar shi ne kogin, wanda ake rubuta sunansa Thames amma ake furta shi Tems. Shi ne ya haifi garin, shi ne kuma ya ciyar da shi ɗaruruwan shekaru. Kafin jirgin ƙasa ya iso a 1857, Henley tashar lodi ce: manoma na kawo alkama da sha'ir, masu saran itace na kawo katako da itacen wuta daga dazuzzukan tsaunukan Chiltern, sai a loda su a jiragen ruwa na dako su gangara zuwa Landan. Duk wanda ya san wannan zai fahimci tsarin garin da kallo ɗaya. Babban titin, Hart Street, ya tashi ne daga bakin gada ya miƙe zuwa dandalin kasuwa, yana da faɗi sosai domin ya ɗauki kekunan dawaki da dabbobi, kuma a gefensa akwai tsofaffin masaukai masu manyan ƙofofi inda matafiya ke shiga da dawakansu.

Ita gadar an kammala ta a 1786, da dutse aka gina ta, mai baka biyar, kuma tana haɗa gundumar Oxfordshire da ta Berkshire. Idan kuka sauka gefen ruwa kuka dubi bakan tsakiya, za ku ga fuskar mutum da aka sassaƙa a kan dutsen da ke ƙulle shi, ɗaya a kowane ɓangare, aikin wata mai sassaƙa ce, Anne Seymour Damer. Yawancin baƙi suna wucewa ta sama ba su san da su ba, ni kuwa a ganina nan ne ya fi dacewa a fara, domin daga wurin ana hango hasumiyar cocin St Mary da jerin gidajen bakin ruwa a lokaci guda.

Game da ƙafar Hajiya, garin ya yi muku daidai, domin daga tashar jirgin ƙasa zuwa bakin kogi tafiyar 'yan mintoci ce a shimfiɗaɗɗiyar hanya, kuma filin shaƙatawa na Mill Meadows yana nan kusa, da kujerun zama a jere suna fuskantar ruwa. Idan ta ji ƙarfi, ku bi gaɓa ku nufi inda ruwan ke fitowa har zuwa Marsh Lock, tafiyar da ba ta wuce mil guda ba. Wannan wata madatsa ce mai ƙofofi biyu da ke ɗaga jirgi ko ta sauke shi tsakanin ruwan sama da na ƙasa. Jirgi zai shiga, a rufe ƙofar da ke bayansa, a buɗe 'yan ƙananan kafofi a ƙasan ta gaba, sai ka ga ruwa yana tafasowa daga ƙarƙashi, jirgin yana tashi a hankali tare da mutanen cikinsa suna riƙe da igiya, har ya yi daidai da kogin da ke gaba, sannan a buɗe masa ya wuce. Akwai doguwar gadar katako ta masu tafiya a ƙasa da ta ratsa tsakiyar kogin a wurin, ruwa na zuba da ƙara a gefenta. Ina ganin wannan zai fi zama a ran Hajiya fiye da kowane gini. Idan kuma tafiyar ta yi mata yawa, a lokacin zafi akwai jiragen yawon buɗe ido da ke ɗaukar mutane su zagaya da su na kimanin sa'a guda, tana zaune za ta ga komai.

Hanyar zuwa ba ta da wuya. Ku hau jirgin ƙasa daga Paddington, ku sauka a Twyford, ku canja zuwa ƙaramin jirgin da ke ƙarewa a Henley. Duka tafiyar kusan sa'a guda ce, kuma tikiti ya fi sauƙi idan cunkoson safiya ya wuce. Ku tafi da rigar sanyi da laima ko da gari ya waye da rana. Ku ɗauki dadduma, domin masallatan da suka fi kusa suna garin Reading ne. Idan za ku ci soyayyen kifi da dankali, ka tambaya ko an sa giya a ƙullun da ake tsoma kifin, domin wasu gidajen abinci suna sa wa.

TAMBAYA: Na ji ana maganar tseren kwale-kwale na Henley. Ko baƙo yana iya kallo? Daga wata mai karatu.

AMSA: Ƙwarai kuwa, Malama. An fara gasar a 1839, ta samu laƙabin sarauta a 1851 lokacin da Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, ya zama uban gasar, kuma ana yin ta a ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli. Kwale-kwale biyu ne ke karawa a kowane zagaye, a kan miƙaƙƙen ruwa mai tsawon mita 2,112, wanda aka kayar ya fita. A wannan ruwan aka yi tseren farko tsakanin jami'o'in Oxford da Cambridge a 1829, a nan kuma aka yi tseren kwale-kwale na wasannin Olamfik a 1908 da 1948. Akwai keɓaɓɓen wuri na 'yan ƙungiya da baƙinsu mai tsauraran dokokin sutura, akwai na masu sayen tikiti, amma wani sashe na hanyar gaɓa ta ɓangaren Berkshire, can wajen tsibirin Temple inda ake fara tseren, a buɗe yake ga kowa ba tare da biyan ko sisi ba. Ki dai sani cewa a wannan makon garin yana cika maƙil, jiragen ƙasa na cunkushewa, ana kuma shaye-shaye sosai, don haka idan da yara ko dattijuwa za ki je, ki isa da sassafe ki bar wurin kafin la'asar.