Me ya sa ƙungiyar hoki take sakin gwaninta kamar kyauta?

Tambaya: Malam, kwanan nan na fara bin NHL, gasar hoki, wato ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, da ake yi a Amurka da Kanada. Na ga cewa a 2021 ƙungiyar Vegas ta ba Chicago golanta Marc-André Fleury, wata guda kacal bayan an zaɓe shi gwarzon gola na shekara, ta karɓi wani matashi da bai taɓa buga gasar ba. Da a ƙwallon ƙafa ne ai sai an zube miliyoyi. Wane irin ciniki ne wannan?

Amsa: Ɗan'uwa, Vegas ba ta tashi a tutar babu ba. Ta samu sararin dala miliyan 7 a lissafin albashinta, kuma a NHL wannan sarari haja ce da ake saye ake sayarwa.

Asalin abin shi ne rikicin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa da ya sa aka soke kakar 2004 zuwa 2005 ɗungurungum. Da aka sasanta, aka ƙayyade jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, aka fara da dala miliyan 39. Ba a biyan tara a wuce iyakar, komai arzikin mai ƙungiya. Kuma ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi, musaya ake yi, ya tafi da kwantiraginsa. Ana raba kuɗin kwantiragin da yawan shekarun da kwantiragin zai yi, abin da ya fito shi ne nauyin ɗan wasan a kowace kaka.

To, annobar korona ta sa iyakar ta tsaya cak a dala miliyan 81.5 har kaka uku. Vegas kuwa tana da gola biyu, Fleury a kan miliyan 7, Robin Lehner a kan miliyan 5. Miliyan 12 ke nan a gurbin da mutum ɗaya ne ke tsayawa. Fleury ya kai shekara 36, kwantiraginsa saura kaka ɗaya. A lissafi ba su yi kuskure ba, ko da yake yadda suka yi da mutumin bai yi mini daɗi ba.

Akwai ma wanda ya fi wannan ban mamaki, inda mai kaya ke biya a ɗauke masa kayan. A 2019 Toronto ta haɗa wa Carolina da damar zaɓen matashi a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi duk shekara, don kawai Carolina ta karɓi Patrick Marleau da nauyinsa na miliyan 6.25. Carolina ta biya shi ta sallame shi bai buga mata ko wasa ɗaya ba, sannan ta ɗauki Seth Jarvis da wannan damar a 2020. Arizona kuma, da yake akwai mafi ƙarancin albashin da dole ƙungiya ta kai, ta karɓi kwantiragin Pavel Datsyuk a 2016, nauyinsa ya shiga lissafin albashinta, alhali ya riga ya yanke shawarar komawa Rasha.

Tun 2013 aka yarda mai sayarwa ya ci gaba da ɗaukar har rabin albashin wanda ya saki, amma kwantiragi uku kawai a lokaci guda. Nan dillalai suka samu kasuwa. Da Ryan O'Reilly zai koma Toronto a 2023, ƙungiyarsa St. Louis ta riƙe rabin albashinsa na miliyan 7.5, Minnesota ta shiga tsakani ta riƙe rubu'i, aka ba ta damar zaɓe a zagaye na huɗu a matsayin la'ada. Toronto ta same shi a ƙasa da miliyan 2.

Shi Fleury bai cika kaka a Chicago ba. A Maris 2022 ta miƙa shi ga Minnesota, ta riƙe rabin albashinsa, ta karɓi damar zaɓe. Vegas ta kasa kaiwa wasannin kofi a kakar, sai a 2023 ta ɗauki kofin Stanley, wato kofin zakaran gasar, da Adin Hill a raga.