Ka sauke eko ɗin nan daga muryar gimbiya

Toh ɗana naga saƙonka, kana tambaya akan fim ɗin Indiyan da aka kawo mu fassara, na gimbiyar Rajasthan da ta mutu shekaru ɗaruruwa amma take ta bibiyar wani yaro mai ɗaukar hoto a Jaipur ta yanzu, wai ko ka zuba mata eko, wato amsa kuwwa, sosai ka kuma kaurara muryar yadda kowa zai gane fatalwa ce. A'a, kar ma ka soma.

Fim ɗin soyayya ne fa. In ka cika mata eko daga sin ɗin farko ƴan kallo zasu ce aljana ce kawai su zauna jiran mai ruƙiyya, shikenan ka kashe labarin, don babu wanda zai tausaya wa abin da yake tsoro. Shi yaron ma ai bai san ta mutu ba sai wajen tsakiyar fim, toh ta yaya kai zaka riga shi tona asirin?

Su masu abun ga yadda sukayi. A fim ɗin Mahal na 1949, wanda Madhubala da Ashok Kumar suka fito, lokacin ɗaukar waƙar fatalwar fim ɗin, mawaƙiyar Lata Mangeshkar can nesa da maik ta tsaya ta fara rerawa, tana takowa a hankali har ta iso gabansa, sai muryar ta fito kamar wani ne yake tahowa daga ƙarshen gida. Babu kwamfuta babu komai, ƙafa ce tayi aikin. Haka zakayi da yarinyar da take mana muryar gimbiya, ka matsar da ita baya kamar taku huɗu ta ɗan kauda baki daga maik, tana magana tana matsowa, kalmar ƙarshe ta faɗeta dab da maik ƙasa ƙasa yadda har numfashinta zai shiga. Ka kashe fanka kafin ku fara don Allah, a sha zafin na minti biyar ba'a mutuwa.

Eko kuma na wuri ne. Fadojin Rajasthan irinsu Amer da Mehrangarh ta Jodhpur duk dutse ne da manyan zaure, duk wanda yayi magana a ciki muryarsa zata amsa, sarki ne ko bafade ko mai shara. Saboda haka sin ɗin zamanin da kowa ka bashi ɗan eko daidai gwargwado har da ita. In aka dawo Jaipur ta yau kuma ka cire, ka bar hon ɗin motoci da ƙugin adaidaita sahu, wanda dama daga can ake kawo mana su, Bajaj da TVS. Abin da nake yi in ta bayyana a titi shine in ja ƙarar titin ƙasa a hankali har ya kusa ɗaukewa, muryarta kuma a bushe tas babu ado, wlh wannan yafi eko tada tsigar jiki.

Labarin nasu ma da alama daga tatsuniyar Bhangarh suka ɗebo shi, tsohon gari ne kango a gundumar Alwar, ana cewa wani boka ya so gimbiya Ratnavati ya yi mata asiri a turare, ta gane ta watsa shi akan dutse, dutsen ya mirgino ya danne shi, kafin ya cika ya tsine wa garin. Har yau akwai allo a ƙofar wurin da ya hana shiga daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Ka gaya wa yarinyar wannan kafin ta shiga ɗaki, ta san matar da take ara wa baki cutarta akayi, kewa ce a muryarta da gajiyar jira.

Sai maganar baki. Gimbiya ba zata ce wlh ko kai dalla ba, Hausar fada zaka sa mata, a nutse, ranka ya daɗe da sauransu, kuma kar ta kama sunan masoyinta na da, don matan Indiya na gargajiya basa kiran sunan miji kamar dai iyayenmu mata. Shi yaron ka sakar masa baki yayi irin ta samarin Zoo Road, amma banda cusa barkwanci a wurin kuka, wannan ɗabi'ar ta ishe ni a fassarar yanzu.

Abu ɗaya da nasan zaka manta, in ka danne muryar asali ta fim ɗin ƙarar mundayen ƙafar gimbiya zata tafi tare da ita, alhali da ita ake sanin ta iso tun kafin a ganta. Ka yanko ƙarar daga inda ba'a magana ka ajiye a layinta daban ka mayar duk inda ta ɓace. Ka haɗa min sin ɗin rijiya da na tashar jirgi tukunna, ka saurara a sifikar waya ba hedifon kaɗai ba tunda a waya mutane zasu kalla, in na shigo bayan la'asar sai mu ji tare.