Ga ɗan'uwa mai neman motar hannu: kada ka zuba kuɗinka duka a kanta

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka har sau biyu kafin in ce zan amsa. Ka ce kai ma'aikaci ne a Kano, ka daɗe kana tari har ka haɗa naira miliyan 6, kana da mata da yara uku, kullum za ka je aiki ka sauke yara makaranta, ƙarshen wata kuma ka leƙa gida ka gaida iyaye. Ka ce an nuna maka Corolla 2005 da Honda EOD, sai kuma wata babbar motar Turai da aka yi maka araha har zuciyarka ta fara karkata gare ta, kana neman a zaɓa maka ɗaya. Allah ya sanya albarka a abin da ka tara. Ni ba dillali ba ne, ba kuma bakanike ba. Mota huɗu na riƙe a rayuwata, dukansu na hannu, na kuma raka mutane da dama zuwa saye. Abin da na gani shi zan faɗa maka.

Kafin mu zo kan wace mota, mu fara da kuɗin. Idan miliyan 6 ke hannunka, to ba motar miliyan 6 za ka nema ba. Ka ware aƙalla miliyan 1 ka ajiye a gefe kamar ba ka da ita, ka shiga kasuwa da biyar. Babu motar hannun da za ta shigo gidanka ba ta nemi wani abu ba a watan farko: juyen baƙin mai, filta, wataƙila taya biyu, wataƙila batir, ga canjin takardu, ga la'adar dillali, ga inshora wadda tun farkon 2023 mafi ƙanƙantarta ta koma naira 15,000. Na ga mutane da yawa sun zube abin da suke da shi kaf a wajen saye, mota ta zo ta nemi gyaran dubu ɗari biyu, aka rufe ta da tamfol a ƙofar gida wata uku ana jiran albashi. Wannan ya fi rashin motar ciwo, don ga kuɗi sun tafi, ga ka koma hawa adaidaita.

Motar Turan nan da aka yi maka araha, ina roƙonka ka cire ta daga ranka. Ba wai motar banza ba ce. A hannun mai hali mota ce mai daɗin tuƙi. Amma ka tambayi kanka me ya sa babbar mota irin wannan ta fi ƙaramar Corolla sauƙin kuɗi. Kasuwa ba ta yin kyauta. Masu saye sun san abin da take ci ne shi ya sa suke gudunta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk wata mota mai silinda shida ta zama nauyi ga mai albashi, kuma faɗuwar naira ta sa kayan gyaran da sai an yi odarsu daga waje sun fi ƙarfin talaka. Araha ba ta ado.

Motata ta farko irin wannan ce, kuma har yau ina jin zafin abin. A 2014 na saye ta a wani wurin sayar da motoci, da yamma bayan la'asar. Na tarar an riga an tayar da ita, an wanke injin fes, fenti yana ɗaukar ido. Na zagaya da ita cikin unguwa minti biyar, na biya. Sati biyu ba a yi ba gilashin ƙofa ya daina sauka, sai fitilu suka fara kunna kansu da dare, sai wata rana ta mutu a tsakiyar titi iyalina na ciki, rana tsaka. Da mai wayarin ya ɗaga kafet ɗin ƙasa, busasshen taɓo muka tarar, wayoyi sun yi kore. Motar ambaliya ce. A Amurka idan ruwa ya cinye mota kamfanin inshora kan biya mai ita ya sa ta a gwanjo, 'yan kasuwa su saya da arha, a gyara fuska a kawo mana. Na yi shekara ɗaya da rabi ina zuba kuɗi, daga ƙarshe na sayar da ita ƙasa da rabin abin da na saya, bayan na gaya wa mai sayen gaskiyar abin da ke jikinta.

Tsakanin Corolla da EOD kuwa, ni Corolla zan ce maka, kuma ga dalilina. Corolla ta 2003 zuwa 2008 injinta 1.8 ne, silinda huɗu, ba ta shan mai, sarƙa ce ke juya tayimin ɗinta ba bel ba, don haka babu fargabar tsinkewar bel a hanya. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne babu garejin da za ka shiga daga Kano har ƙauyenku a ce ba a san ta ba, kuma duk abin da ta nema, ka shiga Ƙofar Ruwa za ka same shi, sabo ko na Belgium. Wanda ke Kaduna Panteka ta ishe shi, na Abuja kuma Apo. Motar mai ƙaramin ƙarfi ita ce wadda bakaniken unguwarsu ya sani kamar yunwar cikinsa. Ranar da ka so sayarwa kuma ba ta kwana. Idan Corolla ta yi maka tsada, ka duba Pontiac Vibe ko Toyota Matrix na waɗannan shekarun. Mutane na ganin sunan Pontiac su ɗauka wata aba ce daban, alhali Vibe haɗin gwiwar Toyota da General Motors ce, injinta da giyarta irin na Corolla ne, ga bayanta na ɗaukar buhu idan za ka dawo daga gida.

EOD, wato samfurin Accord da ya fara fitowa a 2003, ta fi Corolla faɗi da daɗin zama, injinta mai silinda huɗu kuma yana da ƙarko. Sai dai tana son kulawa a ƙafa. Waɗannan Honda da kake gani a gefen titi taya ta karkace ta shige ciki, yawanci boljoyin ne ya cinye ba a canza ba, ko aka sa na jabu. Wanda zai riƙa duba ƙafarta a kan kari zai ji daɗinta. Idan mai silinda shida ce aka nuna maka, bar ta. Camry Big Daddy ta 2002 zuwa 2006 ita ma mota ce mai haƙuri. Camry Muscle ta 2007 zuwa 2009 an san wasu daga cikinsu da shan baƙin mai, sai an lura.

Duk da haka, sunan mota ba shi ne lafiyarta ba. Corolla da aka wahalar ta fi EOD da aka riƙe da kyau sharri. Don haka yadda za ka duba ta shi ne babban aikin, kuma a nan nake so ka ba ni hankalinka.

Ka je da sassafe, ka kuma gaya musu kada a tayar da ita kafin ka zo. Da isarka ka buɗe bonet ka ɗora hannu a kan injin. In ka ji ɗumi, ka ce za ka dawo gobe. Injin da ya kwana ba ya ɓoye ciwonsa: ƙarar da zai yi a tashin farko, da hayaƙin da zai fito, su ne gaskiyarsa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin tana ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan ta yi zafi, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka duba cikinsa, in ka ga abu kamar madara ya kama, gasket ya ƙone ko yana hanya. Kafin a tayar, ka murɗa makulli rabi ka kalli dashbod. Dole fitilar injin da ta iyabag da ta ABS su kama, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila cire ƙwanta aka yi don kada ta tona asiri. Wannan dabarar ta yi yawa yanzu.

Ka je da bakanikenka, wanda kai za ka biya shi kuɗin ranar, ba wanda mai motar ko dillali ya kira ba. Ka ƙara da mai na'urar kwamfuta ya sa mata, kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Ka ce su duba ko an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye, domin sau da yawa ana yin haka ne don a ɓoye cewa mota na ɗaukar zafi. Su leƙa ƙasa su ga ko abin nan na cikin salansa da ake kira indomi yana nan, don ana yanke shi a sayar, motar ta koma shan mai. A zaro sandar man giya a shinshina. Mai kyau ja-ja ne, in ya yi baƙi yana warin ƙuna, giyar ta kusa. Giyar otomatik kuwa gyaranta kaɗai zai iya cinye miliyan ɗin nan da ka ajiye.

Kai kuma ga naka aikin, wanda ba ya buƙatar ilimin kanikanci. Ɗaga kafet, ciro tayar safaya ka duba ramin, ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai shatin ruwa, duba ƙarfen da kujera ke gudu a kai ko ya yi tsatsa. Bi ƙarfen jikin motar da ɗan maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an cika wurin da fila ne bayan haɗari. Bugun gefe ba abin tsoro ba ne, kusan kowace motar hannu an taɓa ta. Wanda ake gudu shi ne bugun da ya taɓa shasi, don irin wannan mota har abada ba ta tafiya daidai, tana ta cin taya gefe ɗaya. Lambar tafiyar da ke dashbod kada ka ba ta amana, ana mayar da ita baya. Sitiyari da feda da kujerar direba sun fi ta faɗin gaskiya. Taya ma tana da ranar haihuwa a jikinta, lamba huɗu: 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Sannan in ka ga alamar an juya sitiyari daga dama zuwa hagu, kada ma ka tsaya ciniki, rayuwar iyalinka ce a ciki.

Gwajin tuƙi kuma ba zagayen unguwa ba ne. Ka hau babban titi, ko hanyar Zariya ce, ka taka ta ta shiga duk giyoyinta, ka ji ko tana fizga ko tana jinkiri wajen canji. Ka taka birki da ƙarfi ka ga ko tana ja gefe. Ka dawo ka shiga cunkoso da esi a kunne na kamar rabin awa, idonka a kan allurar zafi. Motar da za ta yi Maris da Afrilu a Kano dole ta jure wannan. Mai motar da ya hana ka wannan gwajin ya riga ya ba ka amsa.

Sai takardu, kuma nan ne ake asarar mota ɗungurungum. Lambar shasi guda 17 ce, haruffa da lambobi, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Ka karanta ta ɗaya bayan ɗaya, ta dace da abin da ke cikin takardar kwastan da lasisin mota da shaidar mallaka. In motar daga Amurka ta fito, da wannan lambar ake bincika tarihinta a intanet, wani lokaci har hotonta a wurin gwanjo za ka gani. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka duk 'yar Kwatanon da aka ce maka ta shigo ta Maraɗi ko wata hanya, ka kai takardar dutinta ofishin kwastan a tabbatar maka kafin ka biya ko sisi. Takardar bogi ta yi yawa, kuma ranar da aka tare ka a hanya, ba wanda ya sayar maka za a kama ba. Motar hannu kuwa a bincika wajen 'yan sanda ko an taɓa kai rahoton sace ta. Ka biya ta banki, cikin asusun da sunansa ya dace da na takarda, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, ka karɓi kwafin katin shaidar mai sayarwa. La'ada a yanke ta tun kafin ciniki, don wani lokaci dillali uku ne a jere kan mota ɗaya, kowa ya ɗora nasa. Kuma kada ka tura wa kowa kuɗin kafin alƙalami a kan hoton da ka gani a Facebook, cinikin biri a sama ke nan.

Da kuɗin da ke hannunka, ina ganin motar hannu mai tsabta ta fi maka 'yar Belgium da za ta ƙwace komai. Wadda nake hawa yanzu Corolla ce, na saye ta wajen wani dattijo da ya yi ritaya. Fentinta ya koɗe, kujerar direba ta yage, amma ya fito mini da littafin da yake rubuta duk ranar da ya yi juye. Shekara bakwai ke nan, ban taɓa buɗe injinta ba. Irin waɗannan ba kasafai suke kaiwa wurin dillalai ba, a bakin mutane ake jin su. Ka sanar a wurin aikinku da masallacin unguwa, ka gaya wa bakanikenka, don shi ya san wanda ke kula da motarsa da wanda ke shirin sayarwa. Ko wata biyu za ka yi kana nema, ka yi.

Ranar da Allah ya sa ka saya, kafin ka ɗauki iyali zuwa gida, ka juye baƙin mai da filta ko da an ce maka jiya aka yi, a duba birki da ƙafa, a wanke lagireto a zuba ruwan sanyaya injin na gaskiya ba ruwan rijiya ba, ka kuma mayar da takardu sunanka a satin. In ka samu wadda ta kwanta maka, ka turo shekararta da abin da bakanike ya gani, mu sake dubawa tare kafin ka biya. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya tsare hanya.